Yadda na shirya wa JAMB da tsarin masu hadda

Shirin jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta 2024 na fara shi ne tun cikin sanyin ƙarshen 2023, a gidanmu da ke cikin birnin Kano. Sakamakon WAEC ɗina ya riga ya fito, na samu kiredit ɗin da ake buƙata, saura makin da zai kai ni fannin lafiya. Mai neman wannan fanni darussa huɗu yake rubutawa: Turanci, wanda ya hau kan kowa, sai Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowanne daga sauran ukun, maki 400 gaba ɗaya. In aka raba minti 120 ga tambayoyi 180, kowace tambaya daƙiƙa 40 take samu. Wannan lissafin na fara rubutawa a bangon littafina, domin shi ya nuna mini irin karatun da ake nema. A daƙiƙa 40 babu damar lalube. Amsar da ba ta zo kafin ka gama karanta tambayar ba, da wuya ta zo daga baya.

Gidanmu gidan yawa ne. Akwai ƙanne, akwai 'ya'yan maƙwabta da ke shigowa kallo, ga rediyon Abba, ga masu talla da ke sallama tun daga soro. Ni ce babbar mace a ɗakinmu, don haka shara da wanke-wanke da ɗora tukunya duk suna jirana. Hanyar karatun da muka taso da ita a sakandare kuwa kowa ya san ta: ka buɗe littafin rubutu, ka bi shi daga sama har ƙasa, ka ja layi da jan biro, ka sake bi. In jarrabawa ta matso sai a koma karatun dare har asuba, wanda ɗalibai ke kira TDB. Da wannan hanyar na fara, kuma ina ba ta lokaci sosai.

Kawuna, ƙanin Ummanmu, alaramma ne. A gabas ya yi karatunsa na tsangaya, yanzu yana da almajiransa a bayan gari. Yakan leƙo mu ranar Alhamis, tunda ranar babu karatun allo. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata. Wata Alhamis ya same ni a tsakar gida da littafin Bayoloji a cinya. Bayan na durƙusa na gaishe shi, ya tambaye ni abin da nake karantawa. Na ce yadda jini ke zagaya jiki ne, kuma na kusa gama babin.

Ya ce, "To Uwata, rufe littafin ki biya mini."

Na ce, "Kawu, ai namu ba hadda ba ne, fahimta ce."

Ya ce, "Na ji. Abin da kika fahimta shi za ki faɗa mini, da Hausa ma, tunda ni ban iya Turancinku ba."

Na rufe littafin. Na faɗi cewa zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu sama biyu ƙasa. Daga nan sai hanyar ta tsinke. Ina ganin zanen a raina, har da inda na ja jan layi, amma wane ɗaki ne ke tura jini huhu, wanne ne ke karɓa, ya ƙi zuwa. Kawu bai yi dariya ba. Cewa ya yi haka kowane almajiri yake in ya daɗe yana kallon allo: idonsa ya saba da rubutun, sai ya ɗauka karatun ya zauna, alhali in aka kifa allon babu komai. Shi ya sa a tsangaya ba a wanke allo sai ɗalibi ya biya wa malam da ka.

Ranar ya zauna ya warware mini yadda mai hadda ke raba yininsa, abin da ni ma na sani daga Islamiyya amma ban taɓa kawo shi kusa da karatun boko ba. Akwai ƙari, wato sabon karatu, kuma kaɗan ake ɗauka, sumuni ko ƙasa da haka, gwargwadon ƙarfin mutum. Akwai tishi, maimaicin abin da aka ɗauka kwanan nan wanda bai gama zama ba. Sai tilawa, bitar tsohon karatu, wadda mahaddaci ke ja kullum don ya riƙa zagaye izu sittin ɗin nan kada wani wuri ya daɗe ba a taɓa shi ba. Ya ce wanda ya fi son ƙari a kan tilawa, zai wayi gari yana ƙarshen Alƙur'ani farkon ya zube. Ya kuma ba ni labarin kiskadi, bukkokin da gardawa ke kafawa nesa da gari su tare a can don kada hayaniya ta raba musu hankali. Ya ce, "Ke ba za ki tafi daji ba, amma ki nemi wuri da lokacin da babu mai kiran sunanki."

Da na kai wa Yayana wannan magana, shi da yake karanta fannin koyarwa a jami'a, sai ya ce ai abin da ake koya musu ke nan a darasin halayyar koyo. Ya ce tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kan kansa ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a sa'o'i da kwanakin farko take faruwa, sannan kowace bita da aka yi bayan an ɗan ba da tazara tana rage saurin zubewar. Ya kuma ba ni labarin binciken da Roediger da Karpicke suka buga a 2006 a Amurka. An ba ɗalibai rubutu su karanta, wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda, sai masu rufe takarda suka wuce su da nisa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, masu maimaita karatun su suka fi amincewa da cewa za su tuna. Na san wannan amincewar, ita nake ji kafin Kawu ya ce in rufe littafi.

Matakin farko da na ɗauka shi ne sanin iyakar abin da za a tambaya. Yaya ya sauko mini da manhajar darussan huɗu daga shafin JAMB, muka buga ta a shagon masu kwamfuta. Na bi batutuwan ɗaya bayan ɗaya da fensir: wanda zan iya bayaninsa yanzu, wanda na taɓa ji amma ba zan iya bayani ba, da wanda ko a aji ba mu kai gare shi ba. Kashi na biyun ya fi yawa. Na kuma sayo littattafan tambayoyin shekarun baya a wajen masu littattafai a Sabon Gari.

Mataki na biyu ya fi wuya, domin da mutane ake yin sa. Na samu Umma da daddare bayan yara sun kwanta, na roƙe ta ta bar mini daga sallar asuba zuwa hantsi. Ban je da roƙo kawai ba, na je da yadda aikin zai kasance: wanke-wanken safe zan riƙa yin sa tun da dare, ƙanwata ta karɓi shara, ni kuma girkin yamma ya zama nawa kullum. Umma ta yi shiru, sannan ta ce, "In dai karatun za ki yi, na ɗauke miki. Allah ya ba da sa'a." Ta kuma gaya wa yara da bakinta cewa kada wanda ya kira ni a wannan lokacin. Ina ganin 'yan mata da yawa a nan karatunsu ke mutuwa. Ana yi musu kallon marasa himma, alhali ba su taɓa samun awa ɗaya cur da ba a aike su ba. Iyaye da yawa kuma ba ƙi za su yi ba, ba a taɓa zama an nuna musu yadda aikin gida zai tafi ba tare da yarinyar ba ne.

Wurin zama kuwa ɗakin Hajiya na samu, kakarmu ta wajen uba. Bayan asuba tana kan dardumarta tana lazimi har rana ta fito, ba ta magana, ba a kuma shigar mata. Na kai ƙaramin tebur da fitilar caji na ajiye a lungun ɗakin.

Sai waya. Nan ma da Umma muka yi yarjejeniya: da daddare in kai mata ita ɗakinta, ba na karɓa sai bayan azahar. Tashin asuba ba ya buƙatar ƙararrawar waya a unguwar da masallatai suka kewaye. Na fita daga zaurukan WhatsApp na masu shirin JAMB, domin abin da ke yawo a ciki jita-jita ce da tallan masu cewa suna da amsoshi ko za su ƙara wa mutum maki, kuma duk damfara ce. A kwanakin farko hannuna yakan kai gefen tebur da kansa yana neman wayar. Wani lokaci kuma ina tsakiyar lissafi sai tunani ya faɗo: ban mayar wa ƙawata amsa ba, ɗinkina yana wajen tela, me ake ciki a Facebook. Yaya ya ce in ajiye 'yar takarda a gefe, duk abin da ya faɗo in rubuta shi a layi ɗaya in ci gaba. Abin ya yi aiki fiye da yadda na zata. Da zarar na rubuta, sai zuciyata ta sake shi, tunda ta san ba zai ɓace ba. In azahar ta yi na duba takardar, rabin abubuwan ma ba su cancanci a waiwaye su ba.

Ga yadda safiyar take tafiya. Ba na fara buɗe littafi. Farar takarda nake ɗauka in rubuta duk abin da na tuna daga karatun jiya, da zane da ƙa'idojin lissafi, har sai na ji babu sauran abin da zai fito. Sannan in buɗe littafin in gwada, in cike giɓin da jan biro. Wannan shi ne tishina. Jan biron da a da yake ƙawata littafi, yanzu aikinsa nuna mini inda na zubar. Ba abu ne mai daɗi ba. Karanta shafi sau uku ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kana tashi kana jin ka yi karatu. Farar takarda kuwa ba ta rufa wa kowa asiri. Amma wurin da na sha wuya kafin na tuno shi, ko na kasa na gani da ja, shi ne washegari yake fara zuwa.

Bayan tishi sai ƙari, kuma kaɗan. Sashe ɗaya na babi, ba babin duka ba. In karanta shi a nutse, in rufe, in yi bayaninsa da Hausa a hankali yadda ba zan dami Hajiya ba. Babin jinin nan da ya kunyata ni gaban Kawu, haka na bi shi: jinin da ya gama zagaya jiki ya rabar da iskarsa yana shigowa ɗakin sama na dama, ya gangara ɗakin ƙasa na dama, daga nan a tura shi huhu ya ɗauko iskar oksijin, ya dawo ɗakin sama na hagu, ya sauka ɗakin ƙasa na hagu, wanda bangonsa ya fi kauri saboda shi ke harba jini zuwa ko'ina a jiki. Da na iya faɗin haka da harshena, sai sunayen Turancin suka samu inda za su rataya. Na lura in na kasa mayar da abu Hausa, to kalmomin kawai na riƙe, ma'anar ba ta shiga ba. Wani lokaci da yamma ina gyaran kayan miya nakan sa ƙanwata ta zauna in koya mata, ita kuma ta yi ta jefo mini "don me?" har sai ta kai ni inda ban sani ba.

A Kemistiri da Fiziks biyawa ita ce yin lissafin da hannunka. Kallon misalin da aka warware a littafi yana da yaudara, kowane layi ka gani sai ka ce ai haka ne. Don haka nakan rufe warwarar da takarda, in kwafi tambayar kaɗai, in yi. An saki dutse daga sama, bayan daƙiƙa 3 nawa ne gudunsa, nisan me ya yi? In an ba ka 10 a matsayin jan ƙasa, gudun mita 30 ne a daƙiƙa, nisan mita 45. Giram 36 na ruwa mol nawa ne? Mol ma'aunin yawan sinadari ne, ɗaya na ruwa giram 18 ne, don haka biyu. Irin waɗannan sai hannu ya saba da su har su daina cin lokaci. Kawu ya yi gaskiya a kan biyawa, amma a nan na ga inda karatunmu ya bambanta da nasu. Alƙur'ani lafazinsa ake kiyayewa harafi da harafi, a Fiziks kuwa gobe za a canza lambobin a juya tambayar. Wanda ya haddace amsoshin shekarun baya, A ce ko C, bai tsira da komai ba. Dalilin amsar ake riƙewa, har da dalilin da ya sa sauran ukun ba daidai ba ne.

Game da tsawon zama, Yaya ya kawo mini tsarin nan na wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, na minti 25 ana aiki, minti 5 ana hutu. Ya yi mini daidai a Bayoloji da Turanci. A Fiziks kuwa minti 25 na cika ne daidai lokacin da kaina ya fara ɗaukar zafi, sai na mayar da shi 45. Da agogon bangon Hajiya nake aunawa. In hutu ya yi nakan fita tsakar gida in miƙe ƙafa, in sha ruwa, in dawo.

Tilawa ita ce ta fi ba ni aiki kafin na samo mata hanya, domin darussa huɗu ba su jeru kamar surori ba. Abin da na yi shi ne na yayyanka kwalayen sukari da na shayi ƙanana. A fuska ɗaya tambaya, a bayanta amsa: aikin wata gaɓa, ƙa'idar lissafi, launin da wani sinadari ke bayarwa, kalmar Turanci da kishiyarta. Na samu gwangwanayen madara uku. Na farko ana duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku ranar Asabar. Katin da na amsa daidai ya matsa gaba, wanda na faɗi ya dawo na farko ko da daga na uku yake. Daga baya Yaya ya gaya mini wani Bajamushe mai suna Sebastian Leitner ya tsara irin wannan a shekarun 1970. Amfanin katunan shi ne ba sa buƙatar tebur ko shiru. Ina jiran tukunya ta tafasa ina ja, ina cikin adaidaita sahu ina ja. Kuma da yake a cakuɗe suke, Kemistiri na bin Bayoloji, Turanci na bin Fiziks, sai kai ya saba da tsalle daga nan zuwa can, wanda shi ne abin da za a nema ranar jarrabawa.

Na kuma buɗe littafi guda na kurakurai. Duk tambayar shekarun baya da na faɗi, sai in rubuta ta da dalilin faɗuwar: ban san abin ba, ko na sani na manta, ko ban karanta tambayar da kyau ba. Kowanne maganinsa daban. Na farko komawa littafi, na biyu sabon kati, na uku kuwa nutsuwa. Na yi mamakin yawan na ukun, musamman tambayoyin da ke cewa duk waɗannan daidai ne ban da ɗaya. Ido na ganin amsar farko daidai ce sai hannu ya zaɓa.

Turanci kullum yana da rabonsa: nassi ɗaya na auna fahimta, da 'yan tambayoyin furuci, da shafuka daga littafin labarin da hukumar JAMB ta wajabta a shekarar.

Barcina ban rage shi ba. Ƙarfe goma na dare ina kwance, bayan azahar kuma in yi ƙailula kaɗan. Ƙawayena da ke TDB suna sha da kofi da goro, wasu har da lemon gwangwani mai ƙara kuzari. Sinadarin kafeyin mai hana barci da ke cikinsu yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka kofin la'asar yana nan yana aiki lokacin kwanciya. Ga shi kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana. Na gwada da kaina: karatun da na yi tishinsa bayan cikakken barci ya fi fitowa a farar takarda. Masu shan ƙwayoyi don su hana ido barci kuwa, ina roƙon su da Allah su bari, na ga wadda abin ya kai ta asibiti.

An buɗe rajista a tsakiyar Janairu. Na tura lambar NIN ɗina zuwa 55019 da layina, aka turo mini lambar shaida, muka biya kuɗi, na je cibiyar CBT, inda ake jarrabawa a kwamfuta, aka ɗauki hoto da zanen yatsu. Na zaɓi yin jarrabawar gwaji, kuma ina ba kowa shawarar ya yi.

Watan Fabrairu ne ya fi yi mini nauyi. Ɗokin farko ya wuce, jarrabawa da saura, gwangwanin farko kullum a cike. Ga bukukuwa, domin a Kano kowa so yake ya aurar kafin azumi. Akwai safiyoyin da suka tafi a gidan biki, babu yadda zan yi, zumunci ne. Na tambayi Kawu ko in ninka karatun washegari in rama. Ya ce a'a. Ranar da ta kuɓuce ta kuɓuce, a bar ƙari, a riƙe tilawa, domin sabon karatu yana jira amma tsohon guduwa yake. Wannan ya sauke mini nauyi, na daina jin cewa fashin rana ɗaya ya rushe komai. A wannan watan ne kuma muka fara haɗuwa da wata ƙawata ranar Asabar. Sharaɗinmu shi ne ba karatu tare ba, tambaya kawai: ta riƙe katunana, in riƙe nata. Awa ɗaya muke yi, sannan mu buɗe hira da hujja.

Jarrabawar gwaji a farkon Maris ta koya mini abin da takarda ba ta koya mini ba. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma ana iya yin komai da maɓallai kaɗan: A, B, C, D don zaɓar amsa, N don gaba, P don baya, S don miƙawa. Agogo yana saman allo yana raguwa a gabanka. Na fara da Turanci saboda shi ya fara buɗewa, dogayen nassoshin suka cinye mini lokaci, na isa Fiziks a gurguje. Da na dawo gida sai na sake tsari: Bayoloji da farko tunda tambayoyinsa gajeru ne, sai Kemistiri, sai Turanci, Fiziks a ƙarshe da lokacin da na tara masa. Tambayar da ta ƙi, a wuce ta a dawo. Daga nan duk ƙarshen mako nakan ari kwamfutar Yaya in yi cikakkiyar jarrabawa, tambaya 180, awa biyu, ba tashi.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, cikin zafin da ke haura digiri 40 da rana, ga ɗaukewar wuta. Aikin kicin ya ninku, kunu da ƙosai da sauran kayan buɗa-baki. Safiyata dai ta tsira, ta ma fi kyau, domin bayan sahur da asuba cikina da abinci, gari da sanyi-sanyi, gidan kowa ya koma barci. Na tattara duk lissafi na kai shi wannan lokacin. Da rana kati kawai nake iya ja, shi ma a kwance. Bayan tarawihi in yi 'yan tambayoyi in kwanta. Da azumi ya raba tsakiya sai na tsayar da ƙari gaba ɗaya, duk da akwai batutuwa biyu-uku a Fiziks da ban kai gare su ba. Na zaɓi in shiga da abin da na riƙe da kyau. Kwanakin da suka rage na ba littafin kurakurai da gwangwanaye.

An yi Sallah ranar 10 ga Afrilu, aka fara jarrabawa ranar 19. Na buga takardar da ke nuna cibiyata da rana da lokaci, Yaya ya kai ni muka ga wurin tun kafin ranar don kada mu yi ta neman hanya da safe. Daren jarrabawa ban buɗe littafi ba. A bakin cibiyar aka duba yatsunmu, aka hana shiga da waya da agogo da biro, fensir da takardar shaida kawai. Da na zauna gabana yana faɗuwa, na yi addu'a na danna Bayoloji. Tambayoyin farko suka zo kamar an zaro su daga gwangwanina, kafin in kai ta goma numfashina ya daidaita. A Fiziks na ci karo da tambayoyi daga batutuwan da na bari, na cire amsoshin da hankali ba zai ɗauka ba, na zaɓa daga sauran, na wuce. Na samu 'yan mintuna a ƙarshe na koma kan waɗanda na tsallake.

A ƙarshen Afrilu aka saki sakamako. Na tura UTMERESULT zuwa 55019 da layin da na yi rajista, Umma na tsaye a kaina. Makin ya kai abin da nake nema, alhamdu lillahi. Hukumar ta sanar cewa kusan kashi 76 cikin ɗari na waɗanda aka saki sakamakonsu ba su kai 200 ba. Wannan adadi ya dame ni, domin na san wasu daga cikinsu, kuma na san ba ragwaye ba ne. Akwai wadda ta fi ni yawan sa'o'in karatu nesa ba kusa ba. Wasu makarantarsu ba ta da malamin Fiziks, wasu ranar jarrabawa suka fara taɓa kwamfuta, da yawa kuma ba a taɓa ce musu su rufe littafi su biya ba, alhali da yamma a Islamiyya abin da suke yi ke nan.

Yanzu ina jami'a, kuma tsarin ya ɗan sauya. A nan ba ni ke yanka wa kaina ƙari ba, malamai ke yankawa, kuma lacca ɗaya takan kai abin da a gida nake yi a mako. Don haka na dawo da farar takarda zuwa daren ranar da aka yi laccar, kafin barci, safiya kuma ta zama ta tilawa da lissafi. Gwangwanayen sun koma robobi masu murfi saboda zaman ɗakin kwanan ɗalibai. Wayar kuwa, tunda babu Umma a kusa, ni da abokiyar ɗakina muke kulle namu a akwati ɗaya bayan isha'i, mabuɗin yana wajen wadda ba ta da gwaji a makon.